Ƙarar da Ke Tasowa a Giya ta Uku

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 4:20 na yamma

Ƙarar tana nan. Yau kwana huɗu.

Bari in rubuta yadda take, don in na je gaban Yaya Dauda gobe kada in tsaya ina in-ina kamar yadda na saba. Siririya ce, kamar sauro ya shiga kunne ya ƙi fita. A giya ta ɗaya da ta biyu ba na jin ta sosai. Da na sa ta uku na taka totur sai ta taso, ina ƙara takawa tana ƙara tsini. In na ɗaga ƙafa sai ta ɗauke. Na gwada sau shida a titin Katsina, daga gidan mai zuwa kwanar makarantarmu. Sau shida ta yi.

Saura kwana ashirin da bakwai. Likita ya ce ranar Laraba, 10 ga Satumba, a kawo matata Adawiyya asibiti nan Kankiya da sassafe. Ciki biyu muka rasa a baya, wannan karon ba za a jira naƙuda ba, aiki za a yi mata. Ita kuwa tana ƙauyen Ƙofa, gidan mahaifiyarta Inna Kulu, ta tafi goyon ciki. Sista Zuliha mai yi mata awo ba ta so tafiyar ba, amma Inna ta ce sau biyu an bar mata ɗiya a hannun 'yan birni, na uku a ɗakinta za ta zauna. Ban iya musu da ita ba.

Motar nan ce za ta ɗauko ta. Ba ni da wata.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe 11:00 na safe

Na kai ta gareji. Yaya Dauda shi ne babban wan Adawiyya, kuma tun ran da na sayi motar nan ba hannun da ya taɓa ta sai nasa. Da ya ga na zaro littafi sai ya yi dariya.

"Malam Sharafa, mota ka kawo mani ko jarrabawa?"

Na miƙa masa. Ya goge hannu a wando ya karanta har ƙarshe, abin da ban zata ba. Ya buɗe bonet, ya ce in tada ta in yi ta ba ta wuta a tsaye. Wani ƙugi ya fito daga gaba. Ya nuna fambel da sufana.

"Ga mutuminka. Ya fi ni tsufa."

Yana kwance shi ya tambaye ni, ko kallona bai yi ba: "Ba ta shiga ruwa ba dai?"

Na ce a'a.

Juma'a, ƙarfe 5:10 na yamma

Ƙugin da take yi a tsaye ya tafi. Ƙarar kan titi tana nan yadda take. Giya ta uku, totur, ta taso.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan Azahar

Na kira Adawiyya. Ta ce lafiya ƙalau. Ta ce Inna ta hana ta ko ɗaukar buta. Na tambaye ta maganin hawan jinin, ta ce tana sha. Na tambaye ta sau biyu, ta ce, "Malam, in kawo maka kwalin ka ƙirga ne?"

Ta tambayi mota. Na ce fambel ne, an canja.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 9:30 na safe

Makaranta na hutu, ofis ba kowa sai ni da maigadi, don haka na zauna na jera abubuwan da Yaya ya ce suna iya sa mota irin wannan ƙara:

Fambel. An canja.
Man sitiyari. Ya duba, cike yake.
Boris na altaneta. Ya kara dogon sukudireba a kunne ya saurara, ya ce lafiya.
Boris na taya. Gobe.
Giyabos.

Na ƙarshen ban so rubuta shi ba. Yaya ya ce da hannunsa ya zuba mata sabon man giya kafin Babbar Sallah, kuma mai irin wannan ba ya lalacewa cikin wata biyu, sai fa in wani abu ya shiga cikinsa.

Saura kwana ashirin da uku.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 3:00 na rana

Ya ɗaga ta a jak, ya juya tayoyin gaba da hannu. Ta hagu tana ɗan gurnani. Ya ce, "Wannan ma ya gaji, amma ban yi maka alkawarin shi ne ba." Rabin yini ya yi a kai. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan ƙarfe. Ga motoci uku na mutane suna jira, ya ce su jira, wannan ta ɗaukar ƙanwarsa ce.

Na tsaya ina riƙe masa notuna a tafin hannu. Sau biyu na buɗe baki.

Muka fita gwaji tare. Ta uku, totur, ta taso. Ya ce in taka kuloci. Ta ɗauke. Muka juyo gareji.

"Wannan daga ciki take," in ji shi. "Amma ba na son buɗe giyabos ɗin nan haka kawai. Wanda ya riƙe motar kafin kai ya cinye haƙoran notin da ake zubar da mai. Da dabara na ɗaure shi wancan karon. In na kwance, ba lallai ya sake kamawa ba, sai ka zauna ba mota. Ka tabbata ba ta shiga ruwa ba? Ko kududdufin nan na bakin tasha?"

Na ce kududdufi dai kowa na shiga.

Ya ce ba irin wannan yake nufi ba. Na ce to, babu.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 7:00 na safe

Yau ma ban faɗa ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 6:00 na yamma

Yaya ya ce mu yi doguwar tafiya ya ji ta da zafinta, mu yi Juma'a a Kusada, daga nan mu ƙarasa Ƙofa mu gaida Inna. Shi ya tuƙa. Duk hanya kansa a karkace yake, kunne wajen giya.

Bayan an idar, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai na ji an daka mani kafaɗa.

"Malam mai jirgi! Ashe kana raye!"

Manu ne. Bafulatanin da ke kiwo a bakin rafin Ƙofa. Da sandarsa, da malfarsa, da muryar nan tasa da ake ji daga wata unguwa.

"Ina jirgin? Ya bushe? Ita uwargida fa, ta sauka?"

Na kama hannunsa na ja shi bayan wata bishiya, na yi ta jero masa gaisuwa, ina shanu, ina damina, ina su Bube, don kada ya sami sararin magana. Ya ce har yau ƙanensa Bube yana ciwon baya. Ya ce in zan sake zuwa in aiko tukuna su kawo igiya. Yana ta dariya, ni ma ina yi.

Yaya yana can yana gaisawa da wani. Da na dawo ya ce, "Ina ka san Bafulatanin can?" Na ce nono nake saya a rugarsu.

A Ƙofa ban daɗe a ciki ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaida Inna. Adawiyya ta fito zaure. Fuskarta ta cika. Ta ce hutu ne da furar Inna. Silifas ɗin Inna ne a ƙafarta, ba nata ba. Na lura, ban tambaya ba.

A dawowa giya ta uku ta fita da kanta sau ɗaya. Yaya ya mayar da ita, ya ce, "Hmm."

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 10:00 na safe

Ƙarya uku ke nan, in an haɗa da ta nono.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe 2:15 na rana

Na je tasha na tambaya, ko da ta ƙi. Direbobin da na sani biyu sun ce in ranar ta zo in neme su, amma ba su ɗaukar alkawarin hanyar ƙauye a damina, kuma in yamma ta yi ba mai bin ta a zamanin nan. A Ƙofa mota ɗaya ce, a-kori-kurar da ke ɗaukar buhuna da awaki. Inna ta ce ai ba komai, sai a shimfiɗa katifa a baya.

Na tuna ramukan titin. Na tuna yadda Adawiyya ke cizon mayafi a kujerar da take da soso.

Saura kwana goma sha shida. Ta uku: tana yi. Ta huɗu: ta fara. Ta biyu: kamar tana yi, ko kuwa kunnena ne.

Talata, 26 ga Agusta, bayan La'asar

Yaya ya canja shaf na hagu, sandar ƙarfen da ke juya taya, da wani da ya ciro daga wata mota, don gwaji kawai. Ba shi ba ne. Ya mayar da nawa. Yini guda.

Ya zauna a kan taya yana shan ruwa, ya ce, "Shekara ashirin da shida ina aikin nan. Ko tsufa ne ya fara cin kunnena?"

Na ce haba Yaya.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe 8:40 na safe

Na duba littafin nan daga farko. Na rubuta giya, na rubuta awa, na rubuta sau nawa. In wani ya karanta sai ya ce ga mutum mai tsari. Ranar Asabar, 9 ga wata, ce kaɗai babu, kuma ita ce ta kawo duk sauran. Bari in rubuta ta ko a nan ne.

Ranar na kai Adawiyya Ƙofa. Yaya ya zo har ƙofar gida ya duba iskar taya, ya ce mani, "Ka bi titi ta Kusada. An yi ruwa gabas jiya. Kada ka yanke ta rafi." Na ce to.

Titin na bi. Amma inda ya farfashe, kowane rami sai ta runtse ido ta dafe ciki. Ita ba mai ƙorafi ba ce. Na rage gudu har masu keke suna wuce mu, duk da haka. Da muka zo mararrabar da ake yankewa, na ga hanyar yashi lumui, ba rami ko ɗaya, kuma ta rage kusan rabin tafiya. Na juya.

A bakin rafin na tsaya na fita. Na karyo kara na auna ruwan. Bai kai gwiwa ba. Har na sa alama da farce a jikin karan na gwada da tsayin taya. A baki na auna. A baki kawai. Ban shiga na taka tsakiya ba, don kada in jiƙa wando in isa gidan surukai a haka.

A tsakiya ta mutu. Ruwa ja, mai ƙarfi, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Na ga ya rufe idon sawunta. Na ji bayan motar yana ɗan motsi da kansa. Adawiyya ta ɗaga ƙafafu kan kujera tana salati a hankali. Ban san minti nawa ba ne. Ni da nake auna komai, wannan ban sani ba.

Manu da ƙannensa biyu suka bar shanu suka shigo ruwan. Da igiya da kafaɗa suka fitar da mu. Muka yi awa guda a kan tudu ina goge fulogi da hulata kafin ta tashi. Adawiyya ta matse bakin zanenta, ta ce, "Kada ka gaya wa Yaya."

Da na dawo na kulle ƙofar gida, na ciro shimfiɗun motar na shanya kwana biyu a tsakar gida. Ranar Litinin ƙarar ta fara.

Na ce wa kaina alkawari na ɗauka.

Laraba, ƙarfe 1:00 na rana

Bayan mun rasa ciki na biyun, lokacin da dangi suka fara maganganu, wasu na cewa a raba, Yaya ne ya tsaya a zauren Inna ya ce, "Mutumin nan ba shi da garaje. In na ba shi amanar ƙanwata ina barci." A gabana ya faɗa.

Juma'a, 29 ga Agusta, ƙarfe 4:00 na yamma

Adawiyya ta ce lafiya ƙalau. Kai ne kawai ke ɗan sara mata.

Ta uku ta fita sau biyu tsakanin gida da masallaci.

Yau ma ban faɗa ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe 11:30 na safe

Na je gidan Sista Zuliha, na same ta tana tsintar shinkafa. Na ce mata ciwon kai, na ce mata fuska, na ce mata silifas ɗin Inna. Ta ajiye faranti.

"Tun yaushe takalminta ya daina shiga?"

Na ce kwana tara da na gani.

"Kwana tara! Malam Sharafa, kai da ka yi makaranta? Sai yau kake gaya mani?"

Ta kira ma'aikacin ɗakin shan magani na can ya je ya auna ta. Muka zauna muna jira. Ya kira ya faɗi lamba. Sista ta maimaita lambar, ta tashi ta shiga ɗaki ta kira likita. Da ta fito ta ce ba maganar 10 ga wata kuma. An ƙara mata magani yau. Ranar Alhamis da safe tana kan gado a asibiti, likita zai dawo daga Katsina ranar. In kuwa ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta, ko kan ya tsananta, ko wace rana ce a taho da ita a lokacin.

"Motarka lafiya dai?"

Na ce ana kan gyara.

Kwana huɗu. Na goge goma na rubuta huɗu.

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe 12:30 na rana

Na faɗa.

Na isa gareji kafin ya buɗe. Da ya zo yana kwance kwado na ce, "Yaya, ta shiga ruwa." Na faɗi duka a tsaye, da karan, da Manu, da shimfiɗun. Ban ambaci abin da Adawiyya ta ce ba.

Bai juyo ba sai da na gama.

"Adawiyya tana cikin motar?"

Na ce tana ciki.

"Ruwan ya kai ina?"

Na nuna masa a jikin ƙofa. Ya daɗe yana kallon wurin.

Ya hau da motar kan ramin gyara, ya shiga ƙasa da roba da sufana. Notin ya kwance da ƙyar, haƙoransa suka biyo shi kamar yadda ya ce. Abin da ya zubo ba mai ba ne. Fari-fari ne mai kauri, kamar kindirmon da aka dama da ƙasa. Ya sa yatsa ya murza, ya ɗaga wajen haske. Wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli a ciki.

"Wannan ƙarfen boris ɗinka ne," ya ce. "Da ranar da ka fara zuwa ka gaya mani, mai kawai zan zubar in wanke in zuba sabo. Awa ɗaya. Ka bar ni kwana goma sha bakwai ina kwance lafiyayyun kaya, har ina zargin kunnena."

Na ce ya yi haƙuri.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Miƙo mani sufana lamba sha huɗu."

Ban da sunayen sufana bai sake ce mani komai ba.

Litinin, ƙarfe 5:45 na yamma

Giyabos tana ƙasa a kan buhu, a buɗe. Boris biyu sun yi tsatsa sun ɓarje. Haƙoran giya ta uku sun ɗan ci, ya ce za su kai. Babu irin boris ɗin a Kankiya. Gobe da asuba zai tafi Kano.

Na kira Adawiyya na ce mata na karya alkawari, na gaya wa Yaya.

Ta ce, "Wane alkawari?"

Na tuna mata.

"Au! Wai har yanzu ba ka gaya mashi ba? Malam, ni fa ranar nake nufi, kada ya kira Inna ya tada mata hankali ina isowa. Inna ma ai ta sani, ita ta wanke mani zanen."

Na sauya wayar zuwa ɗaya kunnen. Ta ce, "Kana ji na?" Na ce ina ji.

Gaskiyar ita ce na san abin da take nufi tun a bakin rafin.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Na zauna a gareji ina wanke ƙarafa da fetur kamar yadda ya nuna mani. Na jera su a kan kwali bi da bi yadda suka fito. Motar tana kan rami, cikinta a fili.

Na kira Adawiyya ƙarfe takwas. Na kira ƙarfe tara. Inna ta karɓa ta ce, "Ɗan nan, bar ta ta huta mana."

Talata, ƙarfe 6:10 na yamma

Ya dawo da boris biyu da sabon noti mai ɗan girma, zai sake yanka masa haƙora. Ruwa ya tare su a hanya. Ya ce haske ya tafi, ba ya haɗa giyabos da fitilar waya. Gobe.

Laraba, 3 ga Satumba, ƙarfe 9:20 na safe

Inna ce ta kira, ba Adawiyya ba. Ta ce tun da gari ya waye ɗiyarta ke cewa ƙudaje masu haske na yawo a idonta.

Laraba, ƙarfe 5:30 na yamma, a bencin asibiti

Zan rubuta yadda na iya tunawa.

Da na gaya wa Yaya, giyabos tana rataye a igiya, rabi a ciki rabi a waje. Ya ce in kira mai a-kori-kura. Na kira, yana Kano da lodin awaki. Na ruga tasha. Ɗaya direban ya tafi Katsina, ɗayan tayarsa biyu a wajen faci. Sista ta ce motar asibiti ta fita da wani tun safe, za ta ci gaba da nemanta, amma kada mu tsaya jira. Na dawo a guje.

Yaya ya ce, "Cire rigar nan ka shigo rami."

Na ɗauki nauyin giyabos a kafaɗa, shi yana juya ta yana neman bakinta. Ta ƙi shiga. Ya ce ɗaga, na ɗaga. Ya ce sauke kaɗan, kaɗan na ce, ba duka ba. Wuyana ya fara rawa. Sai na ji ƙwas, nauyin ya bar kafaɗata. Ya ɗaure notuna yana ƙirga su da baki. Ya zuba mai, ya sa farin tsumma a ƙarƙashin sabon notin, muka tsaya muna kallo. Bai ɗiga ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma.

Na miƙa masa makulli. Ya ƙi karɓa.

"Kai ka kai ta. Kai za ka ɗauko ta."

Ya zauna a gefena da akwatin sufana a kan cinya. A mararraba ban ko kalli hanyar yashin ba.

Mun sami Adawiyya a zaure, Inna ta riga ta ɗaure kaya. Ba ta gane Yaya ba sai da ya yi magana. Muka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar Inna, aka cusa filo ta kowane gefe. Inda titin ya farfashe Yaya ya fita ya shiga gaba da ƙafa, yana nuna mani da hannu inda zan sa taya, dama, hagu, tsaya, taho. Mutum mai shekara hamsin da biyar yana sassarfa cikin rana da baƙin mai har gwiwar hannu. Da muka hau lafiyayyen titi ya faɗo ciki yana haki ya ce, "Yanzu taka."

Na taka. Ta uku, ta huɗu, ta biyar. Ko ta yi ƙara ko ba ta yi ba, ban sani ba. Numfashinta nake saurare.

Ƙarfe biyu saura muka shigo. Sista tana bakin ƙofa da keken marasa lafiya. Sun yi mata allura, sun kira likita ya baro Katsina. Ƙarfe huɗu da kwata aka ba ni takarda na sa hannu. Hannun bai yi kama da nawa ba.

Yaya yana ɗaya ƙarshen bencin.

Laraba, bayan Magariba

Mace ce. Ƙarama ƙwarai, amma tana numfashi da kanta. Uwar ba ta farka ba tukuna.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe 10:15 na safe

Sista ta ce jinin ya fara sauka. Ta ce da mun kai yamma, da wani zancen ake yi.

Yaya ne ya yi wa yarinyar huɗuba. Sai da ya wanke hannu sau uku da omo, baƙin bai fita daga farcensa ba, Inna ta ce ya karɓe ta haka nan. Ni daga bakin ƙofa na tsaya. 'Yar fari ce, ga Inna a zaune, ba zan tsaya ina leƙe ba. Na dai ga tafin ƙafa ɗaya.

Da ya fito ya zauna kusa da ni, ba a ƙarshen benci ba.

"Akwai saura kaɗan a ta huɗu," ya ce. "Na ji ta jiya wajen gidan mai."

Na ce ni ban ji ba.

"Na sani. In an sallame su ka kawo ta." Ya miƙe, ya kakkaɓe wando. "Kuma ka kai wa Bafulatanin nan goron suna da kanka. Ta titi."

Alhamis, ƙarfe 1:40 na rana

Ta farka. Inna ta fita alwala, Sista ta ce in shiga minti biyar.

Fuskar ba ta saɓe ba tukuna, muryarta can ƙasa. Ta tambaya ko na ga yarinyar, na ce ƙafa na gani, ta yi murmushi da gefen baki. Ta dube ni, ta dubi rigata da ban canja ba tun rami.

"Malam, ka ci abinci kuwa?"

Na buɗe baki zan ce na ci.

Na ce mata rabona da abinci tun shekaranjiya.